'Ya'yan Kwalbar Kawu

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa na ga abin da ban taɓa gani ba a Gwaram: mutane suna kuka suna dariya a kan tabarma ɗaya. Mutum zai fara share hawaye da gefen babbar riga, sai wata maganar marigayin ta faɗo masa a rai, sai ka ga kafaɗunsa suna rawa, ba ka san kukan ne ya ƙaru ko dariya ce ta ƙwace masa ba. Jama'a kuwa ba a magana. Babura sun yi layi tun daga ƙofar gida har inda ido ya gaji, takalman da ke bakin zaure kuma sun isa a buɗe kasuwa.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ne wakilina ranar ɗaurin aurena, shi ne kuma mutum ɗaya tak a duniya da yake iya sa ni in yi shiru. Don haka ni aka zaunar kusa da yayansa, Baba Malam, muna karɓar gaisuwa.

Wani manomi da ya taho daga Zandam ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Yanzu wa zai tsaya a bakin gonata ya yi mini faɗa a kan taki? Wallahi bana da gangan na zuba shi ba daidai ba, don dai ya zo mu yi hira." Wata tsohuwa daga Sara ta aiko daga cikin gida, wai a gaya wa maza su yi addu'ar nan a tsanake, kada su yi ta irin ta masu sauri su kama mota, don shi marigayin ba ya gaggawa. Direban bas ɗin da ya saba ɗaukarsa ya ce shekara da shekaru Kawu bai taɓa bari ya faɗa rami da gudu ba, ko da kuwa ba ya ɗauke da komai sai hularsa.

Can sai wani dattijo, abokin Kawu tun na makarantar allo, wanda kunnensa ya yi nauyi har in ya yi raɗa ana ji a masallaci, ya sunkuyo wai zai yi sirri da na kusa da shi.

"To su 'ya'yan kwalbar fa? Wa ya bar wa marayun?"

Aka juyo gaba ɗaya ana kallona, domin marayun nan a shagona suke kwana.

Bari in warware zancen, kada wanda bai san Kawu ba ya ɗauka aljanu muke kiwo.

Kawu ya yi aikinsa na gwamnati a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar binciken aikin gona, har ya yi ritaya ya dawo gida. Wasu in sun yi ritaya tumaki suke saye, wasu su buɗe kemis, wasu su faɗa siyasa ta cinye su. Shi Kawu ya dawo da tukunyar tururi, da hantsaki, da ɗan ƙullin iri a aljihun gaba. Irin na wani tsiro ne da ake kira turmus, ɗan uwan wake, wanda wani abokinsa Balarabe ya ba shi a wurin aikin Hajji. Can ƙasarsu ana cin na gida, bayan an jiƙa shi kwana da kwanaki ɗacin ya fita. Amma na Kawu na jeji ne. Ɗacinsa kuwa, in maɗaci ya haɗu da shi a hanya sai ya durƙusa ya gaishe shi.

Wannan ɗacin Kawu yake nema. Yakan ce, "Ɗacin nan ba mugun hali ba ne, ɗana, makami ne. Tsiro ba shi da ƙafar gudu, ba shi da sanda, sai Allah Ya ba shi sinadarin da zai kori ƙwaro. In mun iya tatso shi, wataƙila mu kare buhun wake ba tare da mun zuba wa mutane maganin ɓera a tukunya ba." Kalmar "wataƙila" ba ta barin bakinsa. Ni kuwa ban taɓa ganin amfaninta ba.

Ya shuka irin a gonarsa ta Sara da damina. Tsiro ya leƙo, ya kalli ranarmu sau ɗaya, ya ce a yi haƙuri, ya koma inda ya fito. Ya sake gwadawa a lambu lokacin sanyi. Ya yi ganye kamar tafin hannun jariri, kyakkyawa, amma ya ƙi yin 'ya'ya. Kafin a ankara ƙullin iri ya koma 'yan ƙwayoyin da ba su cika cokali ba. Nan ne Kawu ya ce tunda ƙasa ta ƙi, kwalba za ta yi.

Ga yadda abin yake. Ana dafa wani abu mai kama da kokon da ya kwana ya daskare, da garin da 'yarsa Auta take aiko masa, da suga, da 'yan gishirin taki. A zuba a kwalabe masu faɗin baki, a turara su a tukunyar nan mai shewa har duk wata ƙwayar cuta ta baƙunci lahira. Sai a yanki ɗan reshen tsiron, bai kai rabin ashana ba, a dasa a kan kokon, a rufe. A nan zai zauna yana ci yana tofo, ba ruwansa da damina, ba ruwansa da akuya. Wani ya yi rassa, wani ya yi ƙullutu kamar danƙararren ƙuli. In sun yi yawa sai a busar da wasu a aika wa Auta, wadda take aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a can nesa, ta auna yawan ɗacin da ke ciki. Matsalar ɗaya ce: duk bayan kamar wata guda abincin kwalba yakan ƙare, dole a fito da tsiro a yayyanka a raba a sababbin kwalabe. In an makara, ya mutu. Iri kuwa ya ƙare tuntuni, abokin da ya ba shi ya riga shi tafiya. Abin da ke cikin kwalaben nan shi ke nan turmus ɗin Kawu a duniya.

'Ya'yan kwalbar nan suna son sanyi da haske ba yankewa, shi ya sa suka zama baƙina. Ina da shagon lemo da ruwan sanyi a Birnin Kudu, da sola da esi mai sanyaya ɗaki. Wata safiya Kawu ya shigo, ya wuce ni kamar bai ga mutum ba, ya leƙa ɗakin baya.

"Ɗana, wannan ɗakin nawa ne."

"Kawu, ai katan-katan ɗin lemo ne a ciki."

"Lemo yana da rai?"

"A'a."

"To fitar da shi."

Haka na zama mai masaukin 'ya'yan kwalba, ba haya, ba godiya, sai faɗa in wuta ta ɗan yi ƙiftawa.

Kawu mutum ne mai wanke hannu. Kafin ya shiga ɗakin nan yakan wanke hannu har gwiwa, ya goge da sifirit, ya sake gogewa, har na taɓa ce masa, "Kawu, saura ƙiris zanen tafin hannunka ya goge, ranar zaɓe na'ura ta ce ba ta san ka ba." Ya ce gara na'ura ta manta shi da fumfuna ta san shi. Fumfuna ita ce babbar abokiyar gabarsa. In ya ga ɗan farin gashi ya fito a kwalba, ranar ko sannu ba ka samu. Shayinsa kuwa ba suga. Ba ciwo ne ya hana shi ba, cewa yake sugan gidan na yara ne. Inna, matarsa, ta taɓa rantsuwa cewa in ta ɓoye suga a ƙarƙashin katifa ma sai ta tarar an kai wa kwalabe.

Da labari ya bazu cewa akwai dattijo a Birnin Kudu da yake noma magani a kwalba, sai aka yi masa ƙari a hanya, kamar yadda aka saba. Kafin ya isa Zandam ya zama maganin ciwon suga. Kafin ya dawo ya zama maganin rashin haihuwa da na samun kujera. Na ce, "Kawu, ga arziki har ƙofa. Ka ba ni kwalba ɗaya in jera kusa da lemo." Ya yi mini kallon da har yau in na tuna sai in gyara zama.

Wata rana tsohuwar nan ta Sara ta zo da kaza a hammata, ƙafarta a kumbure, tana neman a ɗan tsakura mata. Kawu ya zaunar da ita, ya sa na kawo mata ruwa.

"Hajiya, abin nan ba magani ba ne tukuna. Guba ce da ba ta gama makaranta ba."

"Haba Malam, ko ɗan lasa ne."

"Ko sansanawa ba zan ba ki ba. Tashi mu je."

Ya bar aikinsa, ya tare mai adaidaita, ya kai ta asibiti, ya zauna a benci har aka duba ta. Kazar ma tare suka je, tare suka dawo, ya mayar mata da abarta. Tun daga ranar, duk lokacin da za ta koma ganin likita sai ta biyo ta shago ya raka ta, don ta ce in ita kaɗai ce ba ta gane abin da ake ce mata.

Faɗa ɗaya na san ya yi mai zafi, kuma da yayansa ne. Baba Malam mai makarantar Islamiyya ne a Gwaram, mutum ne da ko jaki ya wuce sai ya so ya yi masa sallama. Dokar Kawu kuwa ita ce: in ana dashe ba a magana. Hannuwa suna cikin akwatin gilashi, fitilar sifirit tana ci, baki a ɗaure da takunkumi, domin numfashi ɗaya ya isa ya kawo fumfuna. Ran nan Baba Malam ya zo Birnin Kudu, ya tsaya a ƙofar ɗakin ya yi sallama. Shiru. Ya sake, da ƙarfi. Shiru. Ya yi ta uku har kwalaben lemona suka amsa, amma ƙanensa bai ko juyo ba.

Baba Malam ya koma Gwaram ko ruwa bai sha ba. Wata guda ba ya cin tuwon gidan Kawu. Ya ce boko ya kai ƙanensa inda ake fifita ciyawa a kan amsa sallamar Musulmi. Kawu ya ce shi ya amsa a zuci. Baba Malam ya ce zuci ba ta da lasifika. Aka kai ruwa rana, har mahaifiyata, wadda ita ce babbarsu duka, ta kira su ta ce in ba su daina ba za ta zane su kamar da, kuma ba ta damu da furfurar kowa ba. Daga ƙarshe Baba Malam ya yi nazari ya ce tunda mai salla ma yana amsawa da ishara, to Kawu ya riƙa yin ishara. Kawu ya ce hannuwansa biyu suna cikin akwati. Sai ya ce zai ɗaga ƙafa. Wallahi tun daga ranar, in ka yi sallama a ƙofar ɗakin nan, za ka ga dattijo mai furfura ya ɗaga ƙafar dama a hankali kamar zakara a cikin ruwa. Baba Malam kuwa ya mayar da abin sana'a. Ya riƙa zuwa musamman, ya yi sallama, ya fita, ya dawo ya sake.

Da shekaru suka ja, hannun Kawu ya fara rawa. Ranar da reza ta kuɓuce masa ta faɗa cikin kwalba, sai ya rufe ɗakin ya koma gida. Mako na gaba sai ga shi da Inna a gaban bas. Ita da hannunta ya saba da zare da allura, ba a daɗe ba ta iya. Haka suka riƙa zuwa duk wata, ita a gaban akwati, shi a gefenta, su yi rabin wuni ba wanda ya ce uffan. Na ce musu wannan shi ne auren da ya fi kowane zaman lafiya a Jihar Jigawa. Inna ta ce in na ga dama in gwada a gidana, matata za ta yi sadaka.

Jinyar Kawu ba ta yi tsawo ba, amma ta cinye lokacin dashe. Da na dawo shago bayan kwana uku na leƙa ɗakin baya. Kokon ya tsotse ya tsage, ganye ya yi rawaya, wasu sun riga sun kwanta. Na kira Auta. Ita taubashiyata ce, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba, kuma tana kwance an yi mata aikin haihuwa, ko jana'iza ba ta samu ba. Na nuna mata su ta waya.

"Mako ɗaya ya yi musu yawa," in ji ta.

"To ni zan dasa. Ai na sha gani."

"Kai? Da wannan hannun naka mai kama da shebur? Da bakin da ko a salla da ƙyar yake rufuwa? Gara ka buɗe wa akuya ƙofa, ita aƙalla ba za ta ba su labari ba." Sai ta bar wasa. "Don Allah ka kai wa Inna maganar. Shekarun Baba ne a cikin kwalaben nan."

Inna kuwa ta shiga takaba. Na tafi Gwaram ina shirya hujjojin da zan kayar da Baba Malam, don na tabbata shi zai hana. Sai ya ba ni kunya. Ya tsaya daga bakin ƙofarta ya ce, "Mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Wannan kuwa lalura ce. Ki je."

Inna tana zaune a kan tabarma da carbi. Tun ranar rasuwar ba wanda ya ga hawayenta, har mata sun fara damuwa.

"Na ji, Yaya Malam, na kuma gode. Amma ba zan fita ba. Mutumin nan tun da ya aure ni ba ya ce mini komai sai 'tashi mu je.' Wannan zaman ne kaɗai ya rage da zan yi masa, ba zan gutsure shi ba." Ta juyo gare ni. "Kai kuma ka daina zare ido. Su ba sa takaba. Kawo mini su."

Aka shiga shiri. Na kawo tukunyar tururi da gari da kwalaben da ba kowa a ciki, ta dafa kokon ta turara. Aka kwashe kayan ɗakin Kawu, aka wanke, aka goge da sifirit har ƙadangarun bango suka yi hijira. Akwatin gilashi ya zo a bayan babur, ɗan acaba yana tafiya kamar ya ɗauko amarya. Saura tsiran. Ranar da komai ya haɗu kuwa ta faɗo daidai da sadakar bakwai, kuma ba halin a ƙara ko kwana ɗaya.

Da sassafe na zaɓi kwalaben da suke da sauran kore, na naɗe kowace da tawul, na jera su a cikin kula, irin shuɗiyar nan da kowane gida yake da ita. Na rungume ta a cinya tun daga Birnin Kudu. Wata mata a bas ta ce, "Alhaji, ko ɗan ƙamshi shinkafar nan ba ta yi." Na ce ta masu ciwon hanci ce. Duk ramin da muka shiga sai na ƙara ƙanƙame kular, amma muka isa lafiya.

Ina sauka a ƙofar gida aka ce a yi Fatiha. To, mutum ba ya ɗaga hannu ɗaya a addu'ar kawunsa. Na dire kula a gefen ƙafata, na ɗaga hannu biyu. Baba Malam ne yake ja, shi kuwa in ya kama addu'a sai ya biya ta kan kakannin kakanni. Da aka shafa na duba ƙasa. Wayam.

Kun san al'adar gidan makoki. Duk kular da ta shigo abinci ce, maƙwabta da dangi ne suka aiko, kuma akwai mata masu zafin nama da aikinsu kawai su ɗauke su rarraba wa baƙi. Na kutsa cikin gida ina ihu. A tsakar gida na tarar da shuɗayen kuloli sun fi na kantin mai sayar da su. Na buɗe wannan, dambu. Na buɗe waccan, shinkafa da wake. Wata gwaggo ta bugi hannuna da ludayi ta ce, "Ji ƙato, kawunsa ko kwana bakwai bai cika ba yana bin kuloli!"

"Gwaggo, wadda na zo da ita! Ina aka kai ta?"

"Duk wadda ta shigo yanzu an kai wa baƙin ƙauye, zauren maƙwabta."

Rabona da gudu tun ina firamare, amma ranar na tashi ƙura. Na faɗa zauren ba sallama. Ga kulata a tsakiya a buɗe, ga dattawa sun kewaye ta, kowa da kwalba a hannu, an riga an kwance tawul an buɗe murfi. Dattijon nan mai nauyin kunne ya naɗe hannun riga, ya lakato kokon da yatsa har da ɗan ganye, ya kai baki yana cewa, "'Yan birni da iyayi, kowa da ɗan kwanonsa."

Sai ɗacin ya iso.

Jama'a, na ga fuska tana tattarewa a duniya, amma ban taɓa ganin hanci da haɓa sun gaisa ba sai ranar. Ya furzar, ya yi salati, ya nemi ruwa, ya ce wace maƙiyiyar Allah ce ta yi wannan girkin. Na durƙusa kusa da kunnensa na kwarara masa, "Baba, marayun ne! Marayun da kake tambaya!" Ya dubi kwalba, ya dube ni. Ya ce, "Inna lillahi. Na ci amanar abokina da yatsa." Sauran dattawan kowa ya shiga mayar da murfi a hankali, wai ko Allah zai sa ba a gani ba.

Duk kwalbar da aka buɗe ta tafi, ko an rufe fumfuna ta riga ta shiga. Na laluba ƙasan kula. Waɗanda suka tsira ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Na kai wa Inna su ina jin kamar in nutse. Ta ɗaga kowace ta duba a hasken taga, ta ce, "Kowane reshe gida ne. Wanke hannunka, kai za ka riƙe mini fitila."

Sai ga wata sabuwa. Ranar bakwai ce, mata suna ta tururuwa zuwa gaishe da mai takaba, kowace da sallamarta da kukanta. Baba Malam da kansa ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a ƙofar ɗakin. Ya ce sallama in mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura, don haka yau shi ne bakin Inna. Muna ciki muna jin sa: "Wa alaikumus salam. Tana godiya. Haƙuri sai godiya. A yi ƙasa da murya, ana aiki." Wata ta ce wane irin aiki mai takaba take yi? Ya ce, "Raino."

Ni kuwa an ɗaure mini baki da takunkumi har biyu, bisa umarnin Auta. Inna ta sa hannuwa cikin akwati. Ta buɗe kwalba kusa da harshen wuta, ta zaro tsiro, ta kwantar, ta datse rawayan ta yar, ta bi koren gaɓa-gaɓa, kowane guntu ta tsayar da shi a sabon koko kamar mai sa wa jariri kwalli. Hannun nan ko motsi. Zufa tana bi ta bayana kamar an buɗe famfo, maganganu sun taru a cikina har na ji cikin yana kumbura.

Tana cikin haka sai ta miƙo hantsaki gefen hagu ba tare da ta duba ba, ta yi ɗan gyaran murya can ƙasa. Ashe alamarsu ce. Nan Kawu yake zama, shi yake karɓa ya ƙona bakin hantsakin a wuta ya mayar mata. Hannunta ya tsaya a iska. Ta juyo ta ga ni ne.

Na karɓa, na ƙona, na mayar. Na ga idonta ya cika. Sai ta janye kanta daga bakin akwatin, ta kawar da fuska can wajen bango, ta bar hawayen suka zuba a kafaɗarta, kada ɗigo ɗaya ya faɗa wa yaran. Ta jira har suka tsaya. Sannan ta juyo ta ci gaba da yanka.

Kafin la'asar na kama hanyar Birnin Kudu da sababbin kwalabe. Wannan karon igiya na sa na ɗaure kular a ƙuguna.

Daga nan sai jira. Fumfuna ba ta nuna kanta ran farko. Kullum kafin in buɗe shago sai na leƙa ta gilashin ƙofa. Ɗaya ta yi farin gashi, na fitar da ita. Wata ta bi ta. Sauran suna tsaye ƙiƙam, ba su mutu ba, ba su ce komai ba, kamar masu jiran sakamakon zaɓe. Auta tana kira safe da yamma har na ce mata in tana so a sa mata gado a cikin kwalba.

Wata Alhamis na manna hanci a jikin gilashi, sai na ga wani ɗan abu a hammatar reshe, bai kai kan allura ba, kore shar. Na duba ta kusa da ita, akwai. Ta bayanta ma akwai. Na yi wata kabbara da ta sa mai shayin da ke maƙwabtaka ya zubar da butarsa.

Na kira Inna. Na ce, "Inna, sun tofo!"

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni ba ni da halin fita. Kai ka je ka gaya masa."

Washegari Juma'a da hantsi na tafi maƙabartar Gwaram. Tun a mota nake tsara yadda zan ba da labarin: yadda suka cika ɗaki, yadda suke ture murfi, yadda har sun fara neman a yi musu aure. Na isa, na yi sallama, na tsuguna a gefen ƙasar da ba ta gama kwanciya ba. Na ce, "Kawu, sun rayu."

Na buɗe baki zan zuba gishirin da na taho da shi, sai na ga maganar ta ji ba sai an ƙara ba. Na rufe bakina, na ɗaga hannu.

Allah Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi fiye da yadda ya sanyaya wa abin da ba ya iya ce masa an gode.